Fartanyun da Muka Ɗaga

Wataƙila wasu abubuwan sun rikice mini. An daɗe, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Abin da nake iya tunawa kawai zan faɗa.

Ina jin ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Yayana Adamu ya kira gayya a gonarsa ta gero, can bayan Mamudo. Ni na gama jami'a ina zaune ba aiki, sai na bi su. Mun fita ƙarfe bakwai, mu goma sha huɗu ko sha biyar. Baba Maina, ƙanin mahaifinmu, yana ta tsokanata, wai hannun da ya saba da biro ƙota za ta yi masa kanta kafin hantsi.

Wajen ƙarfe goma muka ji ƙarar. Siririya ce, ba ta yankewa. Jirgin nan ne marar matuƙi, wanda mutanenmu ke kira injin niƙa saboda kukansa. Ya yi kusan sati biyu yana wucewa, tun da aka ce an ga 'yan bindiga a dajin gabas. Kullum wucewa yake yi. Ran nan sai ya tsaya yana zagaya mu.

Aka daina noma. Wasu suka fara duban hanyar gudu. Yaya ya juyo wajena, don ni ne mai karatu.

"Sani, yaya za mu yi?"

Na taɓa karantawa cewa yana da kyamara, kuma akwai mutum zaune a wani ɗaki mai nisa yana kallo. Na ɗauka duk mai ido ya san manomi. Na ji tsoron in muka gudu za a ce da su muke.

"Kada kowa ya gudu! Ku ɗaga fartanyunku ya gani!"

Suka ɗaga. Maza a jere, kowa da abu mai ƙota a sama. Baba Maina har kaɗa tasa yake yi.

Ban ji saukar bam ɗin ba. Ƙasa ce ta buge ni a fuska. Kunnena ya toshe. Wani yana cewa a kwanta, wani yana cewa a gudu. Na gudu. Ban tsaya neman Yaya ba. Wannan kam bai rikice mini ba.

Muka kutsa cikin gero, mu uku. Ƙarar tana bin mu, ko kuma a kunnena take, ban sani ba. Kusan azahar muka fito titi. Wani mai motar itace ya kwashe mu zuwa Potiskum, gidan gwaggonmu a Yindiski. Bayan la'asar matan ƙauyenmu suka fara isowa a ƙafa. Hajara, matar Yaya, ta shigo da bokitin kunun da ta dama wa 'yan gayya. Har nan ta riƙo shi, ba ta sani ba.

Washegari aka binne mutum huɗu. Yaya, Baba Maina, da maƙwabtanmu biyu. Babu wanda ya zo ya yi mana bayani, mu ma ba mu san ƙofar da za mu buga ba. Ban san wanda ya danna ba. Ban san abin da ya gani ba. Geron ya nuna, ba wanda ya je yanka.

In kana cikin waɗanda suka je gayyar nan, don Allah ka aiko mini da gyara, ko a kan ranar, ko yawanmu. Musamman abu ɗaya. Wani ya ce mini Yaya ya riga ya ɗaga tasa kafin in buɗe baki. Ni ba haka nake tunawa ba.