Yayana Mai Tambayar Tsofaffi

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Umaru, malamin koyar da aikin lantarki, wanda mutanen garin Isa suka laƙaba wa mai tambayar tsofaffi.

Daga gidanmu abin ya faro. Wata damina Innarmu ta zame a makewayi da hantsi, kowa yana gona, ta yi ta kira har muryarta ta dishe. Ƙugunta bai sake daidaita ba. Yaya ya ƙudura ƙera 'yar na'urar da tsoho zai latsa a ji shi daga nesa, amma ya ce sai ya fara jin ta bakin masu abin.

Duk hutu yana kan babur, daga Turba zuwa Burkusuma. Gidan da namiji ba ya shiga, ni yake goyo in yi masa iso. Ya zauna a ƙasa, ya yi gaisuwa har ya gaji, sannan ya ce, "Inna, mi ka ba ki wuya cikin gida?"

Wata tsohuwa a Turba, Inna Hajo, ta ce masa, "Ɗana, ba faɗuwa ka damuna ba. In na sallame salla, sai na kira matar ɗana ta tashe ni. Shi ka cin raina."

Ranar kasuwa ya koma da ƙarfen da mai walda ya lanƙwasa masa, ya kafa a bango kusa da shimfiɗarta ta salla. Ta kama, ta miƙe da kanta, ta sake zama don ta sake miƙewa.

Yau tsofaffi da yawa rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu, suna raɓe a ɗakunan dangi, 'ya'yansu na Sakkwato suna turo gaisuwa ta waya. Nakan tambayi kaina, da zai ga haka, me zai ce? Ina jin zai ce gidajen sun sauya, sai a sake tambaya.

Ciwo ya ɗauke shi na'urar ba ta kammalu ba; wani ɗalibinsa yana ci gaba da ita. Da aka yi rasuwar, Inna Hajo ta sa jikanta ya kawo ta ta'aziyya a babur, duk tsufanta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sau biyar kullum nika tuna shi, ɗiyata."

Allah ya jiƙan Yaya.