Shuɗin Bokitin Gidan Ba-Yoyo

Idan ka ji an ce Ba-Yoyo a layin bayan kasuwa, to mutum ɗaya ake nufi: dattijon nan mai liƙin roba da ke zama a gindin katangar shagon fenti, da kurfotin gawayi a gabansa, da ƙarafa uku a cikin wuta. Shekara talatin da ɗoriya yana wurin. Bokiti, baho, jarka, kujerar roba, duk abin da ya tsage kai dai kawo masa. Sunansa na yanka kuwa sai ka tambayi matarsa, don ko 'ya'yansa sai sun ɗan yi tunani.

Ba shi ya sa wa kansa sunan ba, amma wallahi ya riƙe shi hannu bibbiyu. Aikinsa yana da ƙa'ida. Sai ya fara ƙwanƙwasa bokitin da farce ya ji irin robar, don roba ba ta kama wadda ba irinta ba. Sannan ya zaro siririn yankin roba daga aljihu, ya bi tsagar da ƙarfen da ya yi ja a wuta ciki da waje. In ya gama sai ya ɗaga bokitin ya saita shi da rana, ya cusa kansa ciki. In ya ga haske ko da kamar tsinin allura ne, aiki bai yi ba, domin duk ƙofar da haske ya samu ruwa ma zai same ta. In kuwa bai ga komai ba, sai ya ɗiga ɗigo uku da bakin ƙarfe a ƙarshen liƙin. Wannan ne sa hannunsa, kuma bai taɓa sa shi a kan aikin da yake shakka ba.

Wata rana wata budurwa mai zane-zane ta zo ta zauna a kan bencinsa da kyamara a wuya. Sati guda tana zuwa tana kallon hannunsa. A ƙarshe ta ce za ta yi baje kolin kayan gida da aka gyara, tana son ta ari bokitan da ya liƙe daga hannun masu su.

"Bokiti kuma?" in ji shi. "Mutane su yi wanka su shafa turare su zo kallon bokiti? To, 'yata, ba ni da ta cewa. Amma in za ki rubuta sunana, ki rubuta shi da manyan baƙaƙe."

Ran buɗewa da la'asar ya ci ado, ya sa takalmin da ke matse masa yatsa, matarsa na biye da shi. Ita dai mace ce da ba ta da yawan magana, amma tun a hanya take wani murmushi da bai gane kansa ba.

Zauren baje kolin fari ne fat, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. A ɗakin farko an rataye tsofaffin cokula da zare, a na biyu an jera takalman da dunduniyarsu ta cinye. Mutane na ta gyaɗa kai suna kama haɓa. Ba-Yoyo ya wuce su da sauri, shi ba kallon cokali ya kawo shi ba.

Ɗaki na uku an saki labule, an kife bokitai a ƙasa, kowanne da ƙwan lantarki a cikinsa. Kai! Shi kansa sai da ya tsaya. Ja yana ci kamar garwashi, kore yana sheƙi, a jikin kowanne ga liƙinsa ya fito baƙi, kauri ɗaya daga sama har ƙasa, ko ɗigon haske bai ratsa ba. A bango kuma ga shi nan ɓaro-ɓaro: AIKIN BA-YOYO. Daɗi ya kama shi har ya manta da takalmin. Ya fara bin layin yana gaisawa da aikinsa: wannan na mai wankin mota ne, wancan na matar da ke da tagwaye.

Sai dai ba a nan jama'a suka taru ba. Can ƙarshen layi suka yi cincirindo, kowa ya ɗaga waya. Ya kutsa ya leƙa. Wani tsohon shuɗin bokiti ne, daga gefen liƙinsa wani siririn farin haske ya ratso ya haye bango har rufi. Wani mai tabarau yana ta bayani, wai hasken nan shi ne ruhin aikin gaba ɗaya.

Ba-Yoyo ya ƙura wa hasken ido. Su suna ganin kyau, shi kuwa yoyo yake gani ƙarara, a ƙarƙashin sunansa, ana ɗaukarsa hoto.

"'Yata!" ya ƙwala wa mai zanen kira. "Wa ya cusa mini wannan a layina? Wannan ba aikina ba ne."

"Naka ne, Baba," in ji ta. "Duba ɗigonka."

Ya durƙusa. Ɗigo uku na nan, babu tantama. Ya miƙe ya ce to a kawo ruwa, yanzu-yanzu, kowa ya gani da idonsa. Mai zanen ta yi ta ba shi baki, ina! Dole mai gyaran wutar zauren ya zare ƙwan, aka birkito bokitin, aka juye masa jarka guda. Kowa ya zuba ido. Sai ga ɗigo ya taru a gefen liƙin, ya gangaro, wani ya biyo shi, har ruwa ya fara bin tayil yana neman takalmin mai tabarau.

"Na wane ne?" in ji Ba-Yoyo. "Me ya sa mai shi bai dawo mini da shi ba? Ni na taɓa hana wani gyara?"

"Ya dawo da shi, Malam," in ji matarsa daga bayansa. "Sau ba adadi. Kullum sai ka ce a ajiye, da yamma. Bokitin wankina ne. Shekara tara ina sa masa tsumma a gindi."

Nan ya tuna. Da safe ne ya liƙe shi a tsaitsaye, yana sauri zai fita, ya ɗiga ɗigonsa ba tare da ya saita shi da rana ba. Ai na gida ne. Kunya ta lulluɓe shi tun daga hula har takalmi, kuma ya san gaskiyarta ce.

Amma Ba-Yoyo ba mutumin da zai tsaya yana sosa ƙeya ba ne. Ya laluba aljihun rigar adon nan, sai ga yankin shuɗiyar roba, don ko gidan biki ba ya zuwa babu su. Ya ce wa mai gyaran wuta ya ara masa sukundireba, ya tambayi maigadi ko yana da risho.

Mai zanen ta sha gabansa. "Baba, don Allah ka bari sai an tashi. Sati biyu ne kacal. Wannan hasken shi kowa yake so."

"Sunana ne a bangon nan, 'yata, ba na hasken ba."

Ta juya ga matar. "Mama, ki sa baki mana."

"Ni?" Matar ta gyara mayafi. "Ke a zatonki don me na ba ki shi?"

A bakin ƙofar zauren ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, sukundireba na yin ja a kan rishon maigadi. Jama'a suka baro cokula da takalma suka kewaye shi, ƙaurin roba ya danne turarensu. Ya bi tsagar ciki da waje, a hankali, yadda yake yi wa na baƙi. Da ya gama ya ɗaga shuɗin bokitin ya saita shi da ranar da ta rage, ya cusa kansa ciki ya daɗe. Sannan ya cika shi da ruwa har baki ya dire a kan busasshen siminti. Aka jira. Simintin bai jiƙe ba.

Aka ɗau tafi, mai zanen ma tana yi tana share ido da bayan hannu. Shi ko kallonsu bai yi ba. Ya zubar da ruwan, ya goge bokitin da gefen rigarsa, ya miƙa wa matarsa da hannu biyu.

"Ki yi haƙuri da shekara taran nan," ya ce a hankali.

Ta karɓa, ta juya shi, ta shafa liƙin da babban yatsa kamar mai duba yadi. Ta rataya shi a hannu ta kama hanyar gida, ya bi bayanta yana ɗingishi da matsattsen takalminsa. Sai da suka sha kwana ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Saura baho."