Matar da Ta Sha Ruwan Rijiyoyin Mandawari

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da Malama 'Yardada a ƙofar makarantarmu ta kiwon lafiyar al'umma, da lema da jakar kwalabe, tana jiran ɗaliban da za ta kai lungunan Mandawari su ɗebo ruwan rijiyoyi a auna. Shekara ashirin da shida tana wannan. A takardar ofis, sunan aikinta "mai rakiya". Mu da muke zaune ƙarƙashin fanka, mu ne masu bincike.

Akwai abin da babu shi a manhajarmu. Duk gidan da aka shiga sai an kawo wa baƙo ruwa, kuma daga rijiyar da aka zo tuhuma. Ɗalibanmu, da yake mun haddace musu sunayen ƙwayoyin cuta, sai su riƙe kofi suna murmushi. Ummi, tsohuwar ɗalibata, ta ba ni labarin ranar da wata dattijuwa ta ce, "Ruwanmu bai isa a sha ba, amma ya isa a ɗura a kwalba? To, ku ajiye mini gugana."

Malama ta karɓi kofin ta shanye. "Iya, 'yan boko ne, ko a gidansu sai an roƙe su. Ƙaro mini."

Aka ba su gugan.

Sau biyu taifot yana kwantar da ita. Mun aika direba ya gaishe ta.

Sakamakon kuwa, mujallun ƙasashen waje muka aika wa. Ita ce take zuwa ɗakin gwaji ta kwafa a bayan ambulan ɗin wasiƙa, ta koma gida-gida: wannan a riƙa tafasawa, waccan ta yi kusa da masai. Babu wanda ya sa ta.

Ke ce mabuɗin zaure, Malama. Jiya na duba maƙalata goma sha ɗaya. A kowacce na gode wa "mutanen unguwa". Sunanki babu.

Tun da ta yi ritaya, gida uku kacal aka buɗe wa ɗaliban bana. Ku masu tasowa, ban ce ku nemi taifot ba. Cewa na yi, gidan da kuka shiga da kwalba, ku koma masa da amsa.

Mun gode, Malama, godiyar da ta makara.

Na je gidanta a Zaitawa neman afuwa. Ta kawo ruwa, ta tsaya tana kallona. "Dakta, na rijiya ne fa. Ko in aika a kawo maka na leda?"

Na shanye.