Harshen da Nake Cin Abinci da Shi

Salama gare ku, 'yan'uwa da abokan arziki.

Kusan shekara hamsin ke nan ina riƙe da wannan magana. Da yawanku kun sha tambayata a nan me ya sa maganata take fita a karkace. Wasu sun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Ba ita ba ce.

Sunana Ishaya, mutumin Zonkwa. Na zo London lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasarmu, gwamnati ta turo mu karatun aikin otal. Da na gama, sai na samu aikin ɗaukar kwalaye a wani shagon giyar inabi kusa da Aldwych.

Mai shagon wani dattijon Bature ne, Tsoho muke ce masa. Wata rana cikin wasa ya miƙo mini giya kofi biyu, ya ce in faɗi wadda ta fi daɗewa a ajiye. Na canka. Ya sake, na sake canka. Daga ranar na bar dako.

Kowace safiya a jera mini kofuna. In shinshina, in kurɓa, in juya a baki, in tofar a bokiti, in rubuta abin da na ji. Abin da na rubuta shi ake bugawa a aika wa masu saye. Manyan mutanenmu suna zuwa daga Legas da Kaduna, su kwashi katan-katan a kan maganata kawai.

Ina ce wa kaina ai tofarwa nake yi. Amma ragowar kwalabe ni ke tafiya da su gida, ga kwalin taba kullum.

Wata safiya jar giya ta taɓa gefen harshena na hagu, na ji kamar an zuba barkono a miki. Da na duba, wani farin tabo ne, bai kai ƙwayar wake ba. Na ce haƙori ne ya goge ni.

Wata biyu bai warke ba. Wurin ya yi tauri. Kunnena na hagu ya fara ciwo.

Sai aka kawo wata giya mai tsada daga Faransa. Na ɗanɗana, na rubuta cewa ta lalace, tsatsa kawai take yi a baki. Tsoho ya kurɓa.

"Ishaya, giyar nan lafiyarta lau," in ji shi. "Buɗe bakinka in gani."

Ya leƙa. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce in tafi asibiti yau ɗin nan.

Ban je ba. Tsoro nake ji a gaya mini abin da zuciyata ta riga ta raya.

Bayan mako uku, matata Rifkatu, tana da cikin fari, ta ga jini a matashin kaina.

"Maigida, ko ka tashi mu tafi, ko in kira Fasto ya kai ka da kansa."

GP, wato likitan unguwarmu, ya taɓa harshen, ya lalubi wuyana, ya tsaya a wuri ɗaya ya daɗe. Ya rubuta mini takarda zuwa babban asibiti a Camberwell. Can suka yanki ɗan nama don gwaji, suka ce in dawo bayan kwana goma.

Ranar da muka koma, likitan bai yi kwana-kwana ba. Ciwon daji ne, kuma ya fara sauka wuya.

Na ce, "Zan iya komawa aikina?"

Ya tambayi aikin, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon takardar gabansa.

"Mu ceci ranka tukuna," ya ce.

Suka cire kusan kashi ɗaya cikin uku na harshen, da ƙululun wuya. Na farka da roba a hanci, ta nan ake ba ni abinci. In ina son ruwa, sai in rubuta.

A gadon kusa da ni akwai wani mutumin Ireland mai irin ciwona, ta rami a maƙogwaro yake numfashi. Kullum sai ya ɗaga mini babban yatsa. Wata safiya na ga an gyara gadonsa tsaf da sabon zani. Nan na gane ya rasu.

Daga nan sai radiotherapy, mako shida ana gasa wurin da na'ura. Bakina ya saluɓe, yawu ya ƙafe. Nama, shayi, lemo, duka kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Wanduna suka daina tsaya mini a ƙugu.

Magani kyauta ne, amma albashi ya tsaya. Rifkatu ta sayar da keken ɗinkinta. Da tsohon cikinta take hawa bas biyu daga Tottenham kowace rana.

'Yarmu Ladi tana da wata huɗu, Rifkatu ta kaɗa miyar kuka da daddawar da aka aiko daga gida. Na kai loma. Ban san lokacin da na ce, "Gishirin nan ya yi yawa" ba.

Ta saki ludayi, ta zauna a ƙasan kicin tana kuka.

Zaƙi ya dawo daga baya. Sauran bai dawo duka ba. Ban sake shan giya ko taba ba, a gidan waya na yi aiki har ritaya. Shekara biyar ina zuwa check-up ana duba ni, kafin su sallame ni.

Na gode wa Allah da ya bar ni na ga jikokina. Na gode wa Tsoho, Allah ya ba shi hutawa, da nas-nas ɗin da suka koya mini magana kamar jariri. Rifkatu kuwa, ba ni da kalmar da ta isa.

Masu aikin otal da mashaya, tofarwa ba ta kare baki. Giya da taba in sun haɗu, sun fi muni. Kowane miki ko tabo a baki da ya wuce mako uku bai warke ba, kada a tsaya kurkure shi da ruwan gishiri. Likitan haƙori ma zai duba.

Ku je tun kuna iya faɗa masa da bakinku inda yake muku ciwo.