Karen da Malam Bukar Ya Bar Mini a Ɗaure

Ina tsugune gaban kare da kaskon ruwa a hannuna Audu mai fito ya shigo asibitin dabbobi, jiƙe sharkaf. Ya ce kwalekwalensa ya kife a mashigin hanyar garin Malam Madori, kuma Malam Bukar na ciki. Kafin a tsamo shi daga cikin ciyawa rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya, wannan rubutun ma ina yi ina tashi.

Malam Bukar shi ne malamin dabbobi na En'e a nan Haɗejiya, ni kuwa malamin fatu, inuwa ɗaya muke zama tun ina sabon hannu. Allurar shanu da duba dawaki aka ɗauke shi yi, amma sai ya mai da rumfar baya matattarar duk dabbar da ba ta da gata. Na ga ya zare ƙayar kifi daga maƙogwaron kyanwar wata tsohuwa, yana lallashin kyanwar yana lallashin tsohuwar. Na ga ya ɗora ƙafar gauraka da tsinken kara har ta taka. Karnuka kuwa, da kowa ke ƙyama, riga guda ya ware musu a ƙusa. Ya sa ta ya yi aikinsa, ya tuɓe, ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, sannan ya yi alwala. In muka tsokane shi da sarkin karnuka sai ya ce, "Shi ma ciwon yana jinsa, Isiyaku, bakin faɗa ne bai samu ba."

Wannan karen na Tanko masunci ne, an kawo shi ƙudaje sun cinye masa kunnuwa. Talatu 'yata ta kawo mini abinci, ta taka masa wutsiya ba ta gani ba, ya kafa mata haƙora a sha-raɓa. Kafin a gama wanke ciwon da sabulu kawunnanta sun iso da sanduna, za su kashe shi a ƙona gashinsa a shafa mata, yadda aka saba. Malam ya tsaya a bakin rumfa, bai ɗaga murya ba.

"In kun kashe shi, wa zai gaya mana ko mahaukaci ne?"

Ya bayyana mana cewa kare mai hauka ba ya daɗewa, don haka a ɗaure shi a zuba masa ido, ya ɗibar masa kwanaki. Muddin yana ci yana sha yana gane mutane har suka cika, yarinya ta tsira. In ya fara dalala ko tauna igiya, ranar za a tafi da ita tashar Malam Madori, jirgin ƙasa ya kai ta Kano a yi mata allurai. Na ce mu tafi yanzu mana. Ya ce kogi ya cinye hanya, kuma shi ba zai ɗora ƙaramar yarinya a kan wannan ruwa ba sai ya zama dole.

Na dame shi ƙwarai. Kare ya yi hamma in kira shi, ya kwanta in kira shi. Ya ce da ni ya kamata a ɗaure, karen ya fi ni natsuwa. Na ji haushi, na ɗauka abin bai dame shi ba tunda ba 'yarsa ba ce.

Sai a wurin jana'iza Audu ya gaya mini abin da ya fitar da shi. Mu ya ce mana zai duba wani doki. Ashe hanyar ya je gwadawa da kansa, ya ga inda za a bi da kwalekwale da inda za a goya yarinya, ya tambayo ranakun jirgi, ya roƙi Audu ya zauna cikin shiri. A kan dawowa ne ruwa ya juya su.

Ranar sadakar uku kawunnan Talatu suka dawo da sandunansu, wai karen baƙin jini gare shi, ya ciji yarinya ya ci malami. Ni ba jarumi ba ne, kowa ya sani. Amma na ciro rigar nan daga ƙusa na sa, na tsaya inda ya tsaya, na maimaita musu tambayarsa. Suka juya.

Kwanakin da ya ɗiba ba su cika ba tukuna. Talatu na wasan 'yar tsana a tsakar gida, uwarta ba ta ɗauke ido daga kanta. Ni kuma kowace safiya ina kai kasko, ba wanda zan kira in kare ya yi hamma.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya karɓi shahadarsa, ya haskaka kabarinsa, ya tausaya masa fiye da yadda shi ya tausaya wa bayin Allah marasa baki. Allah ya ba Hauwa iyalinsa haƙurin rashi, ya raya marayun da ya bari, ya ba mu ikon riƙe su. Yau karen ya lashe tuwonsa, ya shanye ruwansa, ya kaɗa mini wutsiya. Ya Allah, ka sa gobe ma ya sha. Amin.