Mutum Arba'in da Bakwai, Lamba Ɗaya

Duk wanda ya zauna a Coal Camp ta Enugu ya san shagon Surayya, ko da bai san sunanta ba. Ɗan ɗaki ne a jikin katangar masallaci, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Da can mahaifinta ke ɗinki a ciki. Mutumin Kazaure ne, ya zo kudu da keken ɗinki a ka yana bin gidaje yana faci, har Allah ya ba shi wurin zama. A nan aka haifi Surayya, ta tashi da Hausa a gida, yaren Ibo a bakin famfo, buroka a kasuwa. Da tsohon ya rasu sai ta sa kwamfuta da firinta a shagon, da ɗan akwatin intanet mai ƙyafta koren ido a kan kanta.

Aikinta buga takardu ne, da ɗaukar hoton fasfo, da cika wa mutane fom. Yawancin masu zuwa wurinta samari ne 'yan ci-rani, masu tura baro da masu dako, waɗanda karatunsu na allo ne. Anti suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ba ta da saurin hannu, amma tana da haƙurin tambaya, kuma ba a taɓa jin ta yi wa wani dariya don bai san amsa ba.

A damina ta bara, wata kasuwar kayan gini da ke gefen gari ta fito da doka: daga ranar Litinin ta farkon wata, ba mai baron da zai shiga sai da katin shaida. Rajistar a intanet ake yi, wani kamfani aka ba aikin. Limamin masallacin, Malam Muhyiddeen, ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ya ce duk mai baro ya biya ta wurin Surayya. Ranar har la'asar sakaliya ba ta ɗaga kai ba. Mutum arba'in da bakwai ta cika wa.

Yadda ta saba ta yi. Wurin adireshin gida ta sa na masallaci, don tun zamanin ma'aikatan kwal nan ake aiko wa baƙo wasiƙa, kuma rabinsu ma a barandarsa suke kwana. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba ta sa masa ɗaya ga Janairu. Su goma sha tara 'yan ƙauye ɗaya ne, Garun Dada, kuma kowa da sunan garin yake amsawa a ƙarshen sunansa.

Ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo. An dakatar da fom arba'in da bakwai, ana zargin mutum ɗaya ne ya cika su da sunayen bogi. Ta karanta sau uku. Saura kwana shida.

Mijinta Abdulbasit mai gyaran waya ne a kasuwar Ogbete. Ta kira shi, ya bar rumfarsa ya zo, ya duƙa yana karanta allon.

"Maman Mubina, kin ga wannan akwatin?" Ya nuna mai koren idon. "Duk abin da ya fita daga shagon nan ta cikinsa yake bi. Kamfanin layi ya ba shi lamba, ita ce adireshin IP. Su can ba fuskokin mutane suke gani ba, lambar suke gani. Fom arba'in da bakwai, lamba ɗaya, yini ɗaya, gida ɗaya. Talatin daga ciki kuma rana ɗaya aka haife su. Wallahi uwar nan ta yi ƙoƙari."

"Baban Mubina, don Allah ba lokacin wasa ba ne."

"Yi haƙuri. To, bari mu gwada."

Ya kashe akwatin, ya jira, ya kunna. Ya ce lambar aro ce, wani lokaci in an kashe an kunna sai a ba da wata. Aka yi sa'a ta canja. Surayya ta sake cika fom ɗin Nasidi, shugaban masu baron, shafin ya ce wannan suna an riga an dakatar da shi. Suka ce bari su ga ko baƙon suna zai shiga, suka kira wani mai baro da bai samu zuwa ba ranar Juma'a, suka gwada da datar wayarta. Nan ma aka ƙi, aka ce wannan lambar ta cika mutum biyar da aka yarda mata.

"Ni ban taɓa cika ko ɗaya da wayar nan ba!"

"Ba ke ba ce. Lambobin ba su isa kowa ba, sai kamfanin waya ya haɗa ɗaruruwan mutane a kan guda. Wasu can da ba ki sani ba sun riga ki cinye biyar ɗin."

Ta sake duban allon. Kenan lambar da aka kama ta da ita ma ba tata ba ce, aro ce, gobe tana hannun wani.

Kafin azahar labari ya kai kasuwa. Nasidi ya zo, ya jingine baronsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Dattijo ne a cikinsu, shekararsa goma sha ɗaya a Enugu, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai.

"Anti, an ce wai sun ce mu ba mutane ba ne."

"Ba haka suka ce ba, Baba Nasidi. Sun ɗauka mutum ɗaya ne ku duka."

"Da mutum ɗaya ne mu ai da an huta, kwano ɗaya ya ishe mu." Ya yi dariya, amma ba ta kai idonsa ba. "Yaran nan suna tambayata ko su nemi motar gida. Me zan ce musu?"

"Ka ce su ba ni gobe."

Washegari ta hau keke mai ƙafa uku ta nemi ofishin kamfanin, hawa na biyu a wani bene. Ta iske wata mata mai gilashi, Madam Nkiruka, da tulin takardu a gabanta. Surayya ta fara da Turanci, harshenta ya riƙa sarƙewa, sai ta koma yaren Ibo. Matar ta ajiye biro ta dube ta daga hijabi har takalmi.

"'Yar ina ce ke?"

"Coal Camp, Ma. Nan aka yanke mini cibiya."

Matar ta saurara har ƙarshe. Ta ce a wata kasuwar wani ya taɓa zama a ɗakinsa ya ƙirƙiri sunaye ɗari biyu ya riƙa sayar da katin, shi ya sa suka sa iyaka. Ta ce ita ta yarda da Surayya, amma yardarta ba ta buɗe fom. "Ki kawo mini su in gan su da idona, kowa ya tsaya gaban kyamara. Asabar kafin sha biyu. Bayan nan na rufe."

Surayya ta sauko da murna. Sai da ta faɗa wa Malam Muhyiddeen murnar ta koma ciki. Ya shafa gemu.

"'Yata, samari arba'in da bakwai, Hausawa, su jeru a titi su nufi wani ofis? Kafin su kai mararraba wani ya ɗauke su a waya ya ce ga su nan sun fito. Kin san garin nan, kin san abin da ƙaramar magana ke zama."

Ta sani. Tana 'yar shekara tara sun taɓa yin kwana uku a bariki saboda wata jita-jita da har yau ba a san wanda ya fara ta ba.

Suka zauna su uku da Nasidi suka tsara. Bibbiyu za a tafi, ko uku-uku, ta hanyoyi daban, tsakanin kowane rukuni minti goma. Ba baro, ba igiya, ko ƙugiyar dako kada wanda ya riƙe. Kowa ya sa rigarsa ta Juma'a. Wanda aka tsayar ya ba da lambar Surayya.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai tana ƙofar benen da takardar sunaye. Suka fara isowa, tana yi wa kowa alama. Da suka kai ashirin mai gadi ya miƙe ya ja ƙofar ƙarfen rabi, ya ciro wayarsa. Mai sayar da ayaba a tsallaken titi ta fara haɗa kayanta. Surayya ta matsa wurin mai gadin ta gaishe shi da yarensa, ta tambayi iyali, ta nuna masa takardar, ta ce Madam ce ta kira su. Ta juya ga samarin ta ce su zauna a ƙasa jikin bango, kada kowa ya ɗaga murya. Suka zauna, hannuwa a kan gwiwa, kamar masu jiran huɗuba. Mai gadin ya kira sama, ya saurara, ya mayar da wayar aljihu.

Biyar-biyar aka riƙa hawa. Madam Nkiruka ta kira suna, mai sunan ya tsaya gaban kyamara, Surayya na fassara. Da ta kai na bakwai mai Garun Dada ta cire gilashi.

"Duk 'ya'yan mutum ɗaya ne?"

"Sunan gari ne, Ma."

"Akwai wanda ya rage a garin kuwa?"

Nasidi ya nemi a fassara masa. Ya ce a gaya mata akwai, tsofaffi da awaki. Matar ta yi dariya har ta dafa tebur.

Sha biyu saura kwata an buɗe arba'in da shida. Saura Idrisu, wani siririn saurayi da bai fi wata huɗu da zuwa ba. Abokin tafiyarsa ya ce sun kusa isowa Idrisu ya hango motar sintiri a mararraba, ya juya, ya ce shi dama ya san dabara ce ta kama mutane. Surayya ta kira wayarsa sau biyar, a kashe. Ta tsaya a taga tana duban titi har Madam ta rufe kwamfutar. Da ƙyar Madam ta yarda cewa in ya zo ranar Talata za ta duba, amma ba ta yi alkawari ba.

Ranar Litinin Surayya ba ta buɗe shago da wuri ba, ta wuce kasuwar. Daga nesa ta ga masu baro suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa da kati a wuya, Nasidi na gaba yana jan ƙafa. A gefen ƙofa, wajen shingen, Idrisu na zaune a cikin baronsa. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai.

"Gobe ƙarfe takwas ka zo shago," in ji ta. "Ni zan kai ka, keke ɗaya za mu hau."

"Anti, ba za su riƙe ni ba?"

"Hoto kawai za su ɗauka."

"In sun ƙi fa?"

Ta dubi ƙofar kasuwar. Wata mota ta shigo da siminti, masu kati suka yi kanta da gudu, Idrisu ya bi su da ido.

"Ka dai zo da wuri," ta ce.