Cin Duniya a Zauren Ladan Maccido

"Ladan guda da karta a aljihu, Malam? A wanga zamani?"

Muryar Indo matar Maccido ce ta tsallako katanga da hantsi, ta iske Sodangi a tsakar gidansa yana kaɗe buhunan da zai tafi da su kasuwar hatsi. Ya tsaya cak. Katangar da ta raba gidansa da na Maccido ta ƙasa ce, damina ta sha cin kanta, ko tari aka yi a can sai an ji a nan.

"Na hwaɗa maki ba karta ba ce," in ji Maccido. "Duniya ce."

"To duniyar ta ishe ka! Ba ka ji yadda anka yi da masu caca a bayan tasha ba? Da furfurarka za a kwantar da kai gaban jama'a?"

"Wa ya ce caca? Kin taɓa ganin kwabo bisa tabarmata?"

"Mutane ba kwabo suke dubawa ba, kati suke gani. Bari a karɓe ladancin nan, in ga abin da zai tashe ka da asuba."

Daga nan sai ƙarar murfin kwano, sai shiru. Sodangi ya ci gaba da kaɗe buhu, amma ya lura da wani abu da bai so ya lura da shi ba: ƙirjinsa ya yi sakayau, kamar wanda aka yi wa albishir.

Duk wanda ya zauna unguwar bayan tashar jirgi a Kaura Namoda ya san Maccido, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mutumin Banga ne, ɗan manoma gero. Yana saurayi ya biyo amalanken gyaɗa zuwa Kaura, ya ga kan jirgi yana huci a ƙarshen dogo, bai koma gida ba sai da aka aiko ƙanen babansa ya ja masa kunne. Ya sake gudowa. Reluwe suka ɗauke shi mai juya layi, ya tsufa a cikin aikin. Tun da layin dogo a Kaura ya ƙare, aikinsa shi ne ya juya jirgi ya mai da shi inda ya fito. Ya sallami dubban mutane zuwa Zariya da Ikko da wuraren da bai san sunansu ba, shi kuwa bai taɓa wuce Gusau ba. A tsakanin taragu ya koyi ɗaga murya, a nan kuma ya koyi karta, har ta cinye masa keke da rabin sadakin Indo kafin ya tuba. Da jirgi ya fara yin wata bai zo ba, sai ya yi murabus, ya kai muryarsa masallacin unguwa. Ba ya ɗaura agogo. Inuwa yake dubawa, kuma masu agogo da kiransa suke gyara nasu.

Sodangi shi ne mai riƙe masa kira. Idan damina ta faɗi Maccido ya tafi gonarsa ta Banga, Sodangi ke kira har a yi girbi. Shekaru suna tafiya a haka bai taɓa jin komai ba, ko kuwa haka yake gaya wa kansa. Sai aka yi sabuwar jiha, aka ƙaddamar da Shari'a, masallatai suka cika, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta saya wa masallacinsu lasifika. Ranar da aka fara kunna ta Sodangi yana kasuwa, ya ji muryar Maccido ta ratso rumfuna ta wuce har tashar mota. Ya ajiye kwanon awo ya saurara har ƙarshe. Damina kuwa da saura.

Bai kai ƙarar maganar katin da ya ji ta katanga ba. Sodangi ba mai kai ƙara ba ne. Ya dai tsaya gaisawa da Wakili, na'ibin liman, wanda yanzu shi ke shugabantar kwamitin gyaran tarbiyya na unguwa, a cikin gaisuwar ya ce, "Allah dai ya rufa wa dattawanmu asiri." Wakili ya tambaye shi wane dattijo. Sodangi ya yi ta nuƙu-nuƙu har aka ciro maganar daga bakinsa, yadda zai iya rantsuwa cewa ba shi ya kawo ta ba.

"Kai ne maƙwabcinsa, kai ne abokinsa," in ji Wakili. "Tahi ka zauna da shi ka gani. In da kuɗi a tabarma, caca ce, ba mu barin mai caca ya kira mu salla. Ranar Juma'a ka zo mana da abin da ka gani."

Da Sodangi ya yi sallama a zauren bayan azahar, ya iske Maccido da wani siririn mutum mai rawani, Jaji, direban a-kori-kura da ke jigila tsakanin Shinkafi da bakin iyaka. Shi ya tsinci kwalin katin a cikin dilar gwanjo, kuma da yake ya yi 'yar makaranta a Nijar, shi ya karanta takardar Faransancin da ke ciki, ya fassara abin da ya gane, abin da bai gane ba suka cike da kansu.

"Allah ya kawo na uku!" in ji Maccido. "Wasan wanga da mutum biyu kamar tuwo ba miya ne. Zauna, mai awo. Yau za ka auna duniya."

Katin ba irin na karta ba ne. Babu sarki, babu zi, babu kubi. Wasu na ɗauke da zanen ƙasashe, wasu soja, wasu jirgin ruwa. Kowa a ba shi biyar. Ka ajiye ƙasa a gabanka, ka ɗora mata soja ya tsare ta. Idan sojanka ya fi na maƙwabcinka yawa, ka faɗa masa ka ci ƙasarsa. Idan teku ya raba ku, sai da jirgi. Wanda ya fara haɗa nahiya guda a gabansa ya ci wasa. Kafin shayi ya huce an gama an sake rabawa. Sunan da ke jikin kwalin ya gagari bakin kowa, don haka Maccido ya raɗa masa Cin Duniya.

"Ladan," in ji Sodangi, "ba ka sami wani suna ba sai wanga? Liman kullum wa'azinsa a guji duniya, kai kana zaure kana cin ta?"

"Gara in ci ta a takarda. Wadda anka ci a waje ita ke shaƙe mutum."

Akwai kati ɗaya mai zanen hannu biyu a riƙe da juna. Shi suke kira amana. Idan ka miƙa wa mutum shi ya karɓa, ba ka taɓa shi ba ya taɓa ka, ku haɗu ku ci na ukun. Sodangi ya tambaya ko har ƙarshen wasa ke nan.

"Takarda ta ce kana iya warwarewa duk sadda ka so," in ji Jaji. "Ba laifi a doka. Amma Ladan bai taɓa ba, shi ya sa kullum shi ake ci."

"Ni dai kalmar ce ba ta shiga bakina," Maccido ya ce yana raba kati. "Cin ƙasa na ji, cin iyaka ma na ji. Amma in buɗe baki in ce na ci amana, ko a wasa, sai in ji harshena ya yi nauyi."

Ranar farko an cinye Sodangi tas, ya kasa bambanta soja da matuƙin jirgi. Rana ta biyu ya fara gane cewa ba yawan ƙasa ke ci ba, sanin lokacin da maƙwabci ya kwashe sojansa ya kai wani gefe ne. Ya iske wannan bai yi nisa da kasuwar hatsi ba. Ya ci Jaji, ya ji daɗin da ya manta rabonsa da irinsa. Maccido kuwa ba don ci yake wasa ba. Idan kati ya zo hannunsa sai ya tsaya kallon zanen, ya sa Jaji ya faɗi sunan ƙasar, ya tambaya ko jirgin ƙasa na zuwa can. Wata doguwa siririya ya ce gonar gadonsu ce ta Banga bayan an raba ta tsakanin 'yan'uwa. Da ya yi sa'a sau ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Na ci Masar!" sai Indo ta amso daga cikin gida, "Ka ci Masar, ga dambu ya huce ba ka ci ba."

Sodangi ya duba ƙarƙashin tabarma da ido, ya duba aljihun Jaji, ya jira ko za a ce wanda aka ci ya sayi goro. Babu. Ko ƙwayar gyaɗa ba a sawa. Ya koma gida ran Laraba yana jin haushin da ya rasa wanda zai ɗora wa.

Maccido yana da wurin zama guda, jikin bango yana fuskantar ƙofa, don daga nan yake ganin falwayar da ke tsallaken hanya. Idan inuwarta ta taɓa dakalin ƙofar gida, la'asar ta yi, sai ya kife kati ko ana tsakiyar yaƙi. Ran Alhamis zafin bazara ya yi tsanani, bangon ya ɗauki rana kamar tanda. Sodangi ya riga shi zama a wurin, ya ce bari ya ɗauke wa dattijo zafin bango. Maccido ya dube shi kaɗan, ya zauna ya ba ƙofa baya.

"To kai ke ganin waje. In inuwa ta taɓa dakali ka hwaɗa mani."

"In sha Allahu."

Wasan ranar ya yi zafi. Jaji ya tara soja kamar fara, Maccido ya miƙa wa Sodangi katin amana, suka haɗu suka tare shi. Saura ƙasa ɗaya Maccido ya haɗa nahiya, abin da bai taɓa yi ba. Ya sunkuya a kan katinsa yana motsa leɓe. Sodangi ya ɗaga kai ya ga inuwar falwaya ta kai gindin dakali.

Ya buɗe baki. Sai ya ce a ransa bari a gama wannan zagaye, ai bai kai komai ba. Zagayen ya zo kansa, ya riƙe kati yana juyawa, ya ajiye ya sake ɗauka. Inuwar ta hau dakali. Ta haye shi. Jaji ya ce, "Mai awo, hatsi kake aunawa ne?" Sodangi ya yi dariya, ya ce tunani yake. Katin amana na nan a gabansa bai taɓa shi ba, bai kai wa Maccido hari ko sau ɗaya ba.

Aka buɗe akwatin lasifika da makullin liman, ta yi ƙara, aka hura ta, aka yi tari a ciki. Muryar Wakili ce, siririya, tana karyewa a tsakiyar kabbara. Maccido ya kife katinsa a hankali. Bai juya ya dubi ƙofa ba, bai dubi Sodangi ba. Ya ɗauki buta ya fita. A masallaci sahu ya riga ya cika, mutane suka buɗa masa hanya.

Bayan an sauko Juma'a kwamiti ya zauna a ƙofar gidan liman. Wakili ya tambayi Sodangi abin da ya gani.

"Tsakani da Allah babu kuɗi," in ji shi. "Ba caca ba ce. Wasa ne na ƙasashe."  "Sai dai yana ɗauke hankali. Kun dai ga jiya."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ya sake auna shi a hanya bai sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Aka kira Maccido. Sodangi ya shirya jin an ce, ai na ba wani amanar ƙofa. Ya ma tanadi amsa. Maccido ya saurari Wakili har ya gama, ya ce haka ne, ya makara, kuma kati ne a hannunsa lokacin. Aka ce ya huta, shekaru sun ja. Ya ciro makullin akwatin lasifika daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

Sodangi ya fara kira. Muryarsa ta kai kasuwa, masu awo suka yi masa barka. Ya sayi agogo. Ta katanga bai ƙara jin faɗa ba, sai motsin Maccido da asuba, yana tashi a lokacin da ya saba, ya yi alwala, ya zauna yana jira a kira shi kamar kowa. Wannan jiran ne ya hana Sodangi sakewa. Da an zage shi da ya sami abin riƙewa.

Ana gab da saukar damina ya ga ana ɗora wa kabu-kabu buhun iri da garma a ƙofar Maccido, za a tafi Banga. Rana ta karkata. Ya ƙarasa ya tsaya a bakin zaure, ya yi sallama, ya yi gaisuwa ya maimaita ta. Maccido ya fito yana ɗaure bakin jaka.

"Ladan," in ji Sodangi, "ranar nan, inuwar..."

"Na sani."

"Ban lura ba ne sai da..."

"Ka lura." Maccido ya rataya jakar, ya tsaya a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa don kada mai babur ya ji. "Ni ma na lura. Kana tsammani sai na ga falwaya nake sanin la'asar? A bayana na ji ta. Na yi shiru ne in ga ko za ka hwaɗa. Na bar jama'a suna jiran salla don in ga katin da ke hannunka, Sodangi. Wanda ya yi haka bai kamata ya riƙe makulli ba, shi ya sa ban yi musu ba. Kai ka ji da naka, ni ina ji da nawa. Yanzu tahi, lokaci ya kusa, kada su jira ka."